Bayan Aikin Zuciya: Yadda Ake Tashi Daga Tabarma

Duk wanda aka yi wa aikin zuciya ya dawo gida Urno, ko Bangi, ko Karofane, ko Tamaske, da layin ɗinki daga ƙasan maƙogwaro har bakin ciki, murnar dangi da tsoronsu tare suke tarbarsa a ƙofar gida. Murnar takan lafa idan masu barka da arziki sun ɗauke ƙafa. Tsoron ne ke zaunawa. Ya yunƙura zai tashi, uwargida ta ce, "Malam, kwanta don Allah, me kake so a kawo maka?" Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ɗansa ya riga shi: "Baba, bari, kada ɗinkin ya ɓalle." Shi kansa ba ya buƙatar wani ya tsorata shi. A duƙe yake tafiya, tafin hannu dafe da ƙirji, kunnensa na kan kowace bugawa. "Ai an taɓa zuciya," in ji mutane, kuma da an faɗi haka an rufe bakin kowa.

Bayan wata uku sai ka tarar da mutumin da likitoci suka gyara wa zuciya tsaf, amma cinyoyinsa sun zube, zuwa bakin rijiya yana sa shi haki, dangi kuma suna raɗa cewa aikin bai karɓe shi ba. Aikin ya yi. Kwanciya ce ta cinye ribarsa.

A ƙasashenmu da yawa daga cikin waɗanda ake buɗe wa ƙirji ba tsofaffi ba ne. Samari ne da 'yan mata da matan aure masu ƙananan yara, waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, da ba a yi maganinsa ba, ya zagaya ya lalata musu ƙyauren zuciya, wato 'yan marafan nan da ke buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Sai yaran da aka haifa da huji a zuciya, sai dattawa masu hawan jini da ciwon suga waɗanda jijiyoyin zuciyarsu suka toshe. Wasu a Yamai aka yi musu aikin, wasu a Dakar ko Tunisiya ko Indiya. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe kusa da Khartum a 2007 ta yi wa mutanen ƙasashen Afirka da dama aiki kyauta, ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque kuwa tun 1996 take kai yara Faransa. A irin waɗannan asibitoci akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: ya tashe ka, ya zaunar da kai, ya zaga da kai baranda. A Turai ko bayan sallama akan yi makonni ana zuwa ajin motsa jiki ƙarƙashin idon ma'aikatan lafiya. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, babu wanda zai riƙa yin wannan tafiya sau uku a mako. Saboda haka tsakar gida ce ajin, mutanen gida ne malamai. Abin da ke tafe a nan shi ne abin da aka saba koyarwa. Idan likitan da ya yi maka aiki ya faɗa maka wani abu dabam, nasa za ka bi, domin shi ya ga cikin ƙirjinka.

Ƙashi dabam, zuciya dabam

Tushen ruɗanin duka shi ne haɗa abu biyu da ba su da hali ɗaya. Kafin likita ya kai ga zuciya sai ya tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama zuwa ƙasa. Da ya gama sai ya haɗe ɓangarorin biyu, ya ɗaure su da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, waɗanda za su zauna a jiki har ƙarshen rayuwa. Karaya ce ke nan, sai dai da gangan aka yi ta, aka kuma ɗora ta da kyau. Tana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ta kama, kusan wata 3 kafin ta yi ƙarfi sosai. Mai ciwon suga, da mai ƙiba, da mai shan taba, nasu yakan ɗan jinkirta. Wannan ƙashin ne ake lallaɓawa, kuma abin da ba ya so sananne ne: ja, turi, ɗaga kaya, fizga.

Zuciya kuwa tsoka ce. Tun a ɗakin aiki ta koma bakin aikinta, kuma ko kana barci tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare. Ɗinkin da ke cikinta an yi shi ne don ya jure wannan bugu. Tafiya zuwa masallaci ba za ta tsinka shi ba. Abin da ke nakasa ta shi ne zaman banza. Mutum ya yi kwana goma a kwance, tsokar ƙafafunsa ta ragu, ruwan jininsa ya ragu, huhunsa ya daina buɗewa har ƙasa. Ranar da ya tashi sai zuciya ta yi ta dukan uku-uku a kan ɗan taku goma, kansa ya yi jiri. Sai ya ce, "Kun gani ko? Na faɗa muku ba ta warke ba." Ya koma ya kwanta, gobe abin ya fi na yau. Haka tsoro ke haifar da hujjar kansa. Ga kuma haɗarin da ba a gani: doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tana sa majina ta taru a huhu har ta zama ciwon haƙarƙari.

Kada mu ga laifin uwargida da ta ce a kwanta, likitocin duniya ma sun daɗe a kan wannan ra'ayi. Har zuwa shekarun 1940, wanda ya sami bugun zuciya a Amurka ko Ingila mako shida ake ajiye shi a gado, wani ko cokali ba a barinsa ya ɗaga. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa sakamakon zaunar da irin waɗannan majinyata a kujera tun kwanakin farko, abin da abokan aikinsu suka ɗauka ganganci ne, sai ga majinyatan sun fi samun sauƙi. A 1966 a Dallas aka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, mako uku cur ba tashi. Ƙarfin aikin zuciya da huhunsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake tara mutanen nan aka auna su, aka ga kwanciyar mako ukun ta fi shekaru talatin ɗin raunana su. Shi ya sa yau a asibiti ake zaunar da wanda aka yi wa aiki washegari, a sa shi taku cikin kwana biyu, robobi na rataye a jikinsa.

Makonni shida na farko: kare ƙashi

Dokar hannuwa ɗaya ce, kuma ita ce ta maye gurbin dogon jerin "kada" da ake ba mutane a da. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, kamar ka maƙale wasiƙa a kowace hammata ba ka so ta faɗi. Duk abin da za ka ɗauka, ka ɗauke shi da hannu biyu, manne da ciki. Idan babu kaya a hannu, kana iya ɗaga hannu ka sa riga, ka taje kai, ka yi alwala, har ma ana so ka riƙa juya kafaɗu safe da yamma don kada su sandare. Abin gudu shi ne ɗaukar nauyi ko turi hannu yana nesa da jiki, ko miƙa hannuwa biyu baya lokaci guda.

Yawancin asibitoci suna sa iyakar kilo 5. Kilo ba ya nufin komai a tsakar gida sai an mayar da shi kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buta cike ta halatta. Tiya ɗaya ta hatsi, wajen kilo biyu da rabi, ta halatta. Bokiti cike bai halatta ba, balle jarka mai lita 25. Jaririn da ya kai wata uku ya riga ya wuce iyaka, saboda haka uwa ta zauna a miƙo mata shi bisa cinya, yaron da ya fara tafiya kuma ya hau da kansa. Goyo sai ƙashi ya kama. Mace mai manyan nono ta samu rigar nono mai laushi da ke tallafe su, don nauyinsu yana jan ɗinkin.

Tashi daga kwance shi ne wurin da aka fi cutar ƙashin, kuma shi ne wurin da tsoro ya fi kama mutum, don haka a koye shi dalla-dalla. Da farko a bar tabarmar ƙasa na ɗan lokaci. A samu gado mai tsayin gwiwa, ko a ɗora katifa a kan dakali. Kana kwance rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi, ka rungume matashi a ƙirji, ka mirgina gaba ɗayanka zuwa gefe, kafaɗa da ƙugu tare. Ka zuro ƙafafu su sauka daga bakin gado. Nauyinsu zai taimaka ya ɗago ka, kai kuma ka ɗan dogara da gwiwar hannun da ke ƙasa, tana manne da jiki. Ka zauna. Kada ka yi gaggawa, ka ja numfashi uku ko huɗu har jiri ya wuce. Sannan ka ja duga-dugai ƙarƙashinka, ka karkato gaba har hancinka ya zo saitin yatsun ƙafa, ka miƙe da ƙarfin cinya. Mai taimako kada ya kama hannuwanka ya ja, ko da kai ka miƙa masa su. Wannan jan ne ke buɗa ƙashin. Ya sa hannunsa a bayan kafaɗunka ko a ƙugu.

Tari da atishawa dole ne, kuma ana son tarin, don shi ke fitar da majina. Ka rungume matashi ko naɗaɗɗen zane ka matse, sannan ka yi. Masu bincike a asibitin Baylor da ke Dallas sun auna a 2008 sun ga tari ɗaya ya fi ɗaga kilo 18 matsa ƙashin ƙirji. Ba izinin ɗaukar kilo 18 ba ne wannan. Amma wanda ke tari sau da yawa a yini wayoyinsa ba su motsa ba, ya kamata ya daina jin tsoron buta.

Masai na tsuguno yana da wuya a wannan lokaci, don tashi daga tsugune kan sa mutum ya dafa ƙasa ko ya ja bango. Kafinta zai iya huda tsohuwar kujera a ɗora bisa ramin. A guji yunƙuri. A sha ruwa gwargwadon da likita ya yarda, a ci kayan lambu.

Salla ba ta faɗuwa, amma addini ya sauƙaƙa: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba marar lafiya damar yin ta a zaune ko a kishingiɗe idan tsayuwa ta gagara. Sujada ce ke ɗora nauyi a kan hannuwa, musamman wajen tasowa. A makonnin farko a yi a kujera. Daga baya a tsaya a yi ruku'u, a zauna don sujada. Sujadar ƙasa ta dawo ranar da mutum zai iya sauka da tashi da ƙarfin gwiwa ba tare da ya danna tafin hannu ba. Na ga dattawan da komawa sahu ta fi kowace irin lallami tashe su daga gado, don haka a mai da masallacin unguwa abin auna ci gaba.

Tafiya

Babu maganin da ya kai ta a wannan fage, kuma ba a sayen ta. A makon farko a gida, minti 5 sau uku ko huɗu a yini ya isa: daga ɗaki zuwa zaure, a zaga rumbu, a dawo. Kowane kwana ɗaya ko biyu a ƙara minti ɗaya ko biyu. Idan tafiya ɗaya ta kai minti 15, a mai da ita sau biyu a yini. Burin shi ne wajen mako na shida mutum yana yin minti 30 a jere, kwana biyar a mako. Wannan ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowane baligi ya samu, mai ciwo da marar ciwo.

Saurin fa? Bakinka ne ma'auni. Ka tafi da abokin hira. Idan kana iya ba shi labari jimla bayan jimla, numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, to daidai kake. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya kake fitarwa, ka rage. Idan za ka iya rera waƙa ba tare da ka tsaya shan iska ba, ka ƙara sauri kaɗan. Ƙirga bugun jijiya a wuyan hannu yana da amfani, amma yawancin waɗanda aka yi wa aiki suna shan maganin da ke rage saurin zuciya, don haka lissafin yakan ruɗe. Ga mai tsoro kuma, yawan taɓa jijiya ƙara masa fargaba yake yi. Minti uku na farko da uku na ƙarshe a yi su a hankali, kada a tsaya cak daga sauri.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma mai shan maganin sa fitsari irin su Lasilix jikinsa yana saurin bushewa, don haka bayan asuba da gab da magariba ne lokacin fita. Da hunturu a rufe hanci da baki, a jira ƙura ta lafa, don kada tari ya yi yawa. Taku cikin rairayi ya fi taku a kan tsandauri cin ƙarfi nesa ba kusa ba. Minti goma a kan tudun yashi kada a ƙirga su daidai da minti goma a kan hanya. Mutanen Keita da Buza, masu duwatsun Adar a bayan gida, su fara da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, hawa ya jira sai an kai minti 20 ba wahala, sannan a gwada shi da gajerun taku, ana tsayawa. Wanda ke kwarin Magiya ya yi sa'a: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska suna ba da inuwa mai tsawo. A lissafa da dawowa. Da yawa sukan tafi har su gaji sannan su tuna gida yana baya.

Sai a samu littafin makaranta, a ba wani yaro mai karatu aikin rubuta mintin kowace rana da inda aka kai. Wannan ɗan littafi na ɗauke shi da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai tsoro ba ya yarda da "ka samu sauƙi" na masu gaisuwa, ya san ladabi ne. Amma idan ya ga da idonsa ranar Talata minti 6, Talata ta sama minti 14, kuma babu abin da ya same shi, wannan shaida ce da ba ya iya musantawa. Ƙarfin zuciya ba ya zuwa kafin taku, bayansa yake biyowa, don haka kada a jira sai tsoro ya tafi sannan a fita. A zaɓi abin da ake tsoro, a yanka shi ƙanana, a yi mafi sauƙin yau.

Wane ciwo ne na hanya, wane ne na tsayawa

Rabin tsoron yana fitowa daga rashin sanin wannan. Abubuwan da kusan kowa ke ji, kuma ba su hana motsi: tsami da ja a wurin ɗinki, ƙaiƙayi, mutuwar fata a gefen ƙirji, ciwon kafaɗa da tsakanin allunan baya, ɗan kumburi a saman ɗinkin, gajiya da rana, rashin son abinci, barci a gutsuttsure. Ciwon da ke ƙaruwa idan ka juya ko ka danna wurin da yatsa, yawanci na ƙashi da tsoka ne. Wanda aka ciro wa jijiya daga ƙafa zai ga ƙafar tana kumbura. Ya ɗora ta bisa matashi idan ya zauna. Farasitamol kafin fita yana taimakawa, kuma babu jarumta a ƙin shan sa.

Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai riƙa jin ƙyas-ƙyas a ƙirjinsa, musamman da dare idan gari ya yi tsit, har wanda ke kusa da shi yakan ji. Mata da yawa wannan sauti ya hana su barci, wasu har kunyar shiga taro suke yi. Ƙarar rufewar marfin ce, alamar yana aiki. Idan ka yi sauri za ta yi sauri, haka ya kamata.

Waɗanda ake tsayawa dominsu kuwa: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, haki da bai lafa ba bayan hutun minti goma, ko wanda ke tashe ka daga barci, jiri har ido ya rufe, ko suma, zuciya ta rikice da gudu kana zaune, gumi mai sanyi. A zauna nan take, idan bai wuce ba a nemi mota. Haka kuma ranar da ƙashin ƙirji ya fara ƙas-ƙas yana motsi idan ka yi tari ko ka juya, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafafu suka kumbura nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu ko uku, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu. Waɗannan na asibitin Madawa ne, ko Buza, ko Keita, ko Galmi, ko babban asibitin Tawa, a ranar, da takardun aikin a hannu. Zazzaɓi musamman kada a yanke masa hukuncin cizon sauro ne a sha magani a gida, don ƙwayar cuta na iya kama sabon ƙyaure. Tun kafin a baro asibitin da aka yi aiki a karɓi lambar wayar da za a kira, a kuma ajiye kuɗin mota gefe guda. Gidan da ya san abin da zai yi idan abu ya faru ya fi sakin jiki ya bar majinyaci ya fita.

Komawa aiki

Babur shi ne tambayar farko ta samari. Tuƙa shi sai bayan mako 6 zuwa 8, a kan hanya mai kyau, don riƙon kai a cikin yashi da ramuka fizga ce zalla. Hawa bayan ɗan kabu-kabu ko amalanken jaki a kan hanyar duwatsu ma a rage shi a farko; idan tilas ne, a rungume matashi. Kwanciyar aure, wadda kowa ke son tambaya ba mai iya buɗe baki, tana dawowa wajen wannan lokaci: wanda ke tafiyar minti 20 da ɗan sauri ba haki, zuciyarsa za ta ɗauka, sai dai a kauce wa ɗora nauyi a kan hannuwa ko ƙirji.

Daga mako na 6 zuwa na 12 ana ƙara kaya sannu a hankali. Mace ta fara da tankaɗe, tsintar hatsi, yankan kuɓewa, wankin 'yan ƙananan kaya, shara da doguwar tsintsiya. Daka, da jan guga, da ɗora tulu a ka, su ne na ƙarshe, bayan wata 3, kuma a fara da rabi: rabin guga, daka na minti biyu. Kafin nan a kai hatsi inji, ko da kishiya ko suruka za ta yi magana. Namiji ya fara da zagaya gona, da kora awaki, da zuba iri yana rufewa da ƙafa wani yana sara masa rami. Noma da hauya ya jira wata uku. Masu albasa a fadamar Tarka su kula da wani abu da ba a kawo shi a rai: fizgar igiyar injin ban ruwa. Hannu ɗaya ne, da ƙarfi, nesa da jiki, duk abin da ƙashin ba ya so ya taru a wuri guda. Yaro ya tayar da injin, kai ka bi ruwa kana buɗe fangali. Buhun albasa da ɗaukar duwatsu na aikin gyaran ƙasa, irin wanda matan Keita suka yi suna da shi tun aikin raya kwarin da aka fara a 1984, ba a komawa gare su sai likita ya sake duba zuciyar da na'ura ya ce to. Wasu za su koma, wasu za a ce su canza sana'a, gwargwadon ƙarfin da zuciyar ta rage da shi kafin aiki.

Mai ƙyauren ƙarfe yana shan maganin tsinka jini, warfarin ko Sintrom, har abada, tare da gwajin jini na INR a kai a kai. Wannan ba ya hana tafiya ko noma, amma yana hana duk abin da ke kawo faɗuwa da rauni: kokawa, hawan itace, shiga rijiya, sukuwa. Ƙahon wanzami da tsaga sun fita daga lissafi. Haka magungunan ciwon jiki na 'yan talla, irin su diklofenak da ibufurofen da asfirin, sai wanda likita ya rubuta. Zogale da rama da kuka ba haramun ba ne, amma suna rage ƙarfin maganin, don haka a ci daidai gwargwado kullum maimakon a cika ciki yau a bari wata guda. Kanwa da gishiri a rage. Wanda aka ce ya ci gaba da allurar fenisilin ta wata-wata kada ya bari don ya ji sauƙi. Ɗaukar ciki da azumi, duka biyu a yi shawara da likita tun kafin lokacinsu ya zo.

Mutanen gida

An ce tsoro na daji, kunya na gida. A wannan ciwo duka biyun a gida suke kwana. Tsoro ke kwantar da mutum, kunya kuma ke tashe shi ba lokaci ba. Magidancin da ya ga an sayar da shanu da gona an kai shi waje, ga damina ta kama, ga ƙannensa suna noma masa, yakan saci jiki ya ɗauki hauya a mako na huɗu don kada a ce ya zama kaya. Amarya takan ɗauki taɓarya don kada a ce raguwa ce. Waɗannan ba wa'azin motsi suke buƙata ba. A ba su ranar da aka ƙayyade, a faɗa wa kowa a gidan, a kuma ba su aikin da ya dace da makon da suke ciki, don zama ba aikin yi yana cin ran mutum. Baƙin ciki da saurin kuka da fushi bayan irin wannan aiki abu ne da aka sani, yakan wuce. Idan ya zarce makonni, mutum ya daina ci da magana, a gaya wa ma'aikacin lafiya.

Masu jinya su canza tambaya. Maimakon "Inna, ina ke miki ciwo?" sau goma a yini, a ce "Inna, yau ina za mu kai?" A bar ta ta ɗebi ruwan alwalarta da kanta. Masu zuwa dubiya da labarin wane da ya faɗi ya mutu bayan aiki, babban gida ya tare su a zaure.

Koma baya zai zo. Zazzaɓin damina ko mura za su kwantar da mutum mako guda, ya tashi ya ga minti 30 ɗinsa sun gagara. Bayan an duba shi an yi magani, ya koma rabin inda ya tsaya, ya sake hawa. Karo na biyu ya fi sauri. Wanda kuma ya riga ya yi wata shida ko shekara a kwance don ba wanda ya faɗa masa wannan, ƙashinsa ya daɗe da haɗewa. Ya je a duba shi, a auna hawan jini da yawan jininsa, idan an ce ba matsala ya fara daga minti 5, kamar wanda aka sallamo jiya.